Gilashin da zafi ke iya ratsawa, da dalilin da ya sa har yau bai kori silika ba

Duk wanda ya taɓa kallon hoton kyamarar zafi, irin waɗanda aka riƙa kafawa a filayen jirgi lokacin korona, zai lura da wani abu. Fuskar mutum ta yi ja ko ruwan ɗorawa, amma in yana sanye da tabarau sai ka ga wajen idon ya yi duhu ɗulum. Gilashin tabarau ɗin fari ne tas a idonmu, amma a wajen hasken da jikin mutum ke fitarwa katanga ce. Haka gilashin taga, haka gilashin mota. Shi kuma lensin da ke gaban ita kyamarar, in ka riƙe shi a hannu ba za ka hango komai ta cikinsa ba, baƙi ne mai sheƙi, amma zafi na wucewa ta ciki salin alin.

To jama'a maganar da nake so mu yi yau kenan, gilashin da ake jawo shi ya zama zare domin ya ɗauki hasken infirared daga nan ya kai can. Na san wani zai ce ina ruwanmu, amma ka yi haƙuri ka karanta, akwai labari a ciki.

Bari in fara da lambobi tunda dole ne. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, to shi ma haske da zango ake auna shi, sai dai nashi ƙanƙani ne sosai, da maikiron ake lissafi, wato ka raba milimita ɗaya gida 1000. Idonmu na gani daga wajen 0.4 zuwa 0.7. Daga nan sama infirared ne, wanda William Herschel ya gano a 1800 da ma'aunin zafi kawai. Rimot ɗin talabijin yana aiki a wajen 0.94, shi yasa in ka duba kan rimot ta kyamarar waya kana dannawa wani lokacin za ka ga yana ƙyaftawa. Intanet ɗin da ke bin faiba yana 1.31 da 1.55. Jikin ɗan Adam kuwa can wajen 10 yake haskawa. Tsakanin 2 da 20 nan ne kasuwar ke ci, don kusan kowace iska da kowane sinadari na da zangon da yake haɗiyewa a wurin, iskar metan a 3.3, kabon dayoksayid a 4.26, ruwa a wajen 2.9. In kana da hasken da hanyar kai shi, za ka iya sanin abun da ke cikin bututu ko hayaƙi ko ɗigon jini ba tare da ka kwasa ka kai ɗakin gwaji ba.

Shi faiban da muka sani, wanda ake ta haƙa gefen titi ana binnewa, da silika ake yinsa, asalin sinadarin yashi amma an tace shi matuƙar tacewa. A 1966 Charles Kao da George Hockham a Ingila suka ce laifin ba na gilashi ba ne, na dattin da ke cikinsa ne, in aka rage asarar haske ta dawo ƙasa da desibel 20 a kilomita (desibel shi ne ma'aunin asarar) to za a iya sadarwa da shi. A 1970 mutum uku a kamfanin Corning, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka ƙetare wannan layin. Kafin 1979 ta ƙare 'yan Japan sun kai 0.2. Ma'anar 0.2 ɗin nan, sai haske ya yi tafiyar kilomita 15 kafin rabinsa ya salwanta. Kao ya karɓi Nobel a 2009. Kuma mu ma shaida ne a kan yadda muka rataya a wuyan wannan zaren, ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa kowa ya ji a jikinsa, taransifa ta ƙi tafiya, mutane na tsaye gaban masu POS ana kallon-kallo.

Amma fa silika na da iyaka. Da ka wuce maikiron 2 da kaɗan sai ya fara cinye hasken, kafin ka kai 4 ko 5 ko taku ɗaya hasken ba ya yi. Kuma wannan ba maganar datti ba ce, ko ka tace shi har gobe haka zai yi.

Dalilin shi ne gishirin zancen gaba ɗaya, dan haka bari in tsaya a kansa. Atam-atam ɗin da ke cikin gilashi ba a sandare suke ba, kullum cikin kaɗawa suke, kowanne ɗaure da maƙwabcinsa. Ka ɗauki tsarkiyar gurmi ko garaya, in siririya ce kuma an ɗaure ta tamau sai ta yi ƙara mai tsini, in mai kauri ce kuma an ɗan sassauta ta sai amon ya sauka ƙasa. Silikon da oksijin, waɗanda suka haɗu suka yi silika, marasa nauyi ne kuma ɗaurinsu tamau yake, saboda haka kaɗawarsu da sauri take, tana kusa da saurin kaɗawar hasken infirared, da zarar kaɗawar hasken ta matso kusa da tasu sai su karɓe ƙarfin su mayar da shi zafi. In kana so hasken dogon zango ya wuce, sai ka nemo atam masu nauyi da ɗauri mai sako-sako, waɗanda kaɗawarsu ke can ƙasa. Shikenan dabarar. Matsalar kawai, ɗaurin da ya yi sako-sako har ya bar haske ya wuce, shi ne dai ɗaurin da ke riƙe da gilashin. Dan haka duk gilashin da ya iya wannan aikin za ka same shi da gautsi, ba ya jure zafi, wani ma ruwa na cinsa. Ba a samun ɗaya a bar ɗaya, tare suke zuwa.

Dangi na farko su ne na fulorayid. A 1974 a jami'ar Rennes ta Faransa, wasu 'yan uwan juna biyu, Marcel da Michel Poulain, a ɗakin binciken Jacques Lucas, suna ƙoƙarin haɗa wani kiristal (daskararren abu mai atam a jere tsaf, saɓanin gilashi) mai zakoniyam sai abun ya ƙi zama kiristal, ya fito musu a gilashi. Da gangan ba su nema ba. Daga baya aka yi ta gyara haɗin har aka tsaya a kan wanda ake kira ZBLAN, kowane harafi na wakiltar sinadari ɗaya: fulorayid na zakoniyam kashi 53, na bariyam 20, na lantanam 4, na alminiyam 3, na sodiyam 20. Babu oksijin a ciki sam. Zarensa na kai haske har wajen maikiron 4, wani ƙaninsa da ake yi da indiyam yana ɗan zarce 5.

Abun da ya ruɗa duniya a shekarun 1980 lissafi ne. Akwai wata asara da kowane gilashi ke yi ta warwatsuwar haske, wadda ke raguwa sosai in zango ya ƙara tsawo, in ka ninka zangon biyu sai ta ragu sau 16. Silika ba zai iya cin moriyar wannan ba tunda katangarsa ta tare shi a 2. Shi ZBLAN katangarsa na can gaba, sai masana suka buga lissafi suka ga a wajen maikiron 2.5 asararsa za ta iya sauka zuwa kusan 0.01 a kilomita. Kai! Wato haske ya yi kilomita 300 kafin rabi ya tafi. Mutane suka fara mafarkin shimfiɗa waya a teku ta dubban kilomita ba tare da na'urar ƙara ƙarfi ko ɗaya ba. Kamfanonin waya na Japan da Birtaniya da sojan ruwan Amurka duk suka zuba kuɗi.

Shekara da shekaru ana fama, mafi kyawun da aka samu a ɗakin gwaji bai wuce ƙasa kaɗan da desibel 1 ba, shi ma a guntun zare. Wanda ake sayarwa a kasuwa kuwa ya fi haka asara nesa ba kusa ba.

Me ya hana? Abu biyu, kuma ni na farkon ya fi burge ni don yana nuna sa'ar da silika ya taka. Shi silika ba narka yashi ake yi ba. Akwai wani ruwa, haɗin silikon da kulorin, da ake mayarwa tururi a ƙona shi da oksijin, gilashin ya riƙa sauka kamar toka a hankali. Ƙarfe da jan ƙarfe da sauran dattin da ke shan haske ba sa tashi tare da tururin, a tukunya ake barinsu. Tacewa kyauta kenan. Fulorayid bai samu irin wannan hanyar da ta yi aiki sosai ba, dole sai dai a auno gari a zuba a kaskon filatinam ko zinare, a narka a cikin akwatin da aka kore wa danshi, a juye a mazubi. Duk dattin da ya shigo da garin ya zauna kenan. Na biyu kuma, gilashin ba ya son zama gilashi. Yana fara laushi a wajen digiri 260, ka ɗan ƙara wuta kaɗan sai ƙananan kiristal su fara tsirowa a ciki, kuma tsakanin nan da nan ɗin ne ake so a ja zaren, ga shi da ya ji zafi sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa lokaci guda, ba kamar silika ba da ake ja a wajen digiri 2000 yana bin hannu a hankali. Kowane ɗan kiristal da ya fito, wajen warwatsa haske ne kuma wajen karyewa ne.

Ana cikin wannan wahalar sai a 1987 ƙungiyar David Payne a jami'ar Southampton, da wasu a Bell Labs, suka fito da na'urar ƙara wa haske ƙarfi ta hanyar sa sinadarin erbiyam a cikin shi kansa zaren silika, kuma daidai 1.55 take aiki. To me ya rage? Matsalar da ZBLAN ya zo warwarewa an warware ta da araha ta wata ƙofar. Kuɗin bincike suka janye.

Sai kuma maganar sararin samaniya, wadda nasan wasunku sun gani a bidiyoyin nan masu cewa wai ga sana'ar da za ta fara kawo riba daga sama. Asalinta gaskiya ne. A shekarun 1990 wani masanin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, Dennis Tucker, ya gwada ZBLAN a jirgin nan da ke hawa ya sulmiyo ƙasa har mutum ya yi 'yan daƙiƙu ba nauyi, ya ga kiristal ɗin sun ragu. Tunanin shi ne sinadaran guda biyar nauyinsu ba ɗaya ba, a ƙasa mai nauyi na neman nutsewa mara nauyi na tasowa, ruwan na motsi, wannan ke taimaka wa kiristal. A ƙarshen 2017 kamfanin Made In Space ya aika injin jan zare zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wasu suka biyo baya, a farkon 2024 kamfanin Flawless Photonics ya ja kusan kilomita 12 a can. Aiki ne babba wallahi, ban raina ba. Amma ni dai ra'ayina, ko da rashin nauyi ya kashe kiristal gaba ɗaya, bai cire ƙarfen da ke cikin garin ba tunda daga ƙasa aka tafi da sandar gilashin da ake jan zaren daga gare ta, bai hana danshi cinsa ba, bai ƙara masa ƙwari ba. Sannan duk leza da na'urorin karɓa da injin haɗa zare da ma'aikatan da suka iya, duniya ta gina su ne a kan 1.55. Wa zai tumɓuke wannan duka? Tsawon zare daban, ingancinsa daban, kuma a kan ingancin ne za a yi hukunci.

Inda ZBLAN ya samu abincinsa na gaskiya a 'yan mitoci ne. In ka sa masa erbiyam yana ba da leza a 2.8, daidai inda ruwa ke shan haske, kuma naman jikinmu yawanci ruwa ne, dan haka yana yanka ko goge fata ba tare da ya ƙona na kusa ba. Masu bincike a jami'ar Laval ta Kanada sun haura wat 40 da irin wannan lezar a 2018. A silika erbiyam ɗin ba zai ba da wannan hasken ba, saurin kaɗawar nan zai shanye ƙarfin tun kafin ya fito. Masu ilimin taurari ma na amfani da shi. Na'urar GRAVITY da ke haɗa hasken manyan madubai huɗu na hangen taurari a Paranal ta ƙasar Chile tana da zaren fulorayid a cikinta, na kamfanin Le Verre Fluoré da ke nan kusa da Rennes ɗin, kuma da ita aka bi sawun tauraron da ke zagaya baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurarinmu (wajen da ƙarfin jansa ko haske ba ya kuɓuce masa) a 2018, aikin da ke cikin abun da ya kai Reinhard Genzel ga Nobel a 2020. Ka ga zaren da ya kasa haye teku ya je ya leƙo tsakiyar sama.

Akwai na tsaka-tsaki, gilashin telurayit da na jamanet, su da oksijin ɗinsu amma an haɗa da atam masu nauyi. Sun fi fulorayid ƙwari, suna kaiwa wajen 4 zuwa 5 in an yi sa'ar kore musu ruwa. Ba zan daɗe a kansu ba.

Dangin da suka fi tafiya nisa su ne kalkojinayid, kuma su na fi so duk da sunan abubuwan da ke ciki ba daɗin ji. A nan an cire oksijin an sa 'yan gidansu masu nauyi, farar wuta ko seleniyam ko teluriyam, a haɗa da asanik ko jamaniyam ko antimoni. E, asanik ɗin dai da aka sani da guba. Na farar wuta da asanik ja ne kamar garwashi in ka ɗaga shi a haske, zarensa na kaiwa wajen 6. Na seleniyam baƙi ne, yana kai 9 zuwa 10. Na teluriyam ya wuce nan, a dunƙule ma yana haura 20, har hukumar sararin samaniya ta Turai ta sa an yi bincike a kansa don wani shiri mai suna Darwin na neman alamar kabon dayoksayid a maikiron 15 a duniyoyin wasu taurari, shirin da ba a kai ga harbawa ba. Tun 1965 Narinder Kapany da abokin aikinsa suka ja zare da irin wannan gilashin, ka ga ashe ma ya girmi ZBLAN.

Yadda ake dafa shi ma abun kallo ne. A zuba sinadaran a kwalbar silika, a zuƙe iskar ciki tas, a liƙe bakin da wuta, a sa a murhun da ke jijjiga ta gaba da baya na sa'o'i masu yawa don su gauraya, sannan a sanyaya. Babban abokin gaba shi ne haidurojin. Ɗan kaɗan in ya maƙale wa farar wuta sai ya haƙa rami a wajen maikiron 4, in seleniyam ne a wajen 4.5, wato dab da inda kake son auna kabon dayoksayid. Abun haushi. Shi yasa asarar irin wannan zaren a kasuwa a kan mita ake faɗinta ba kilomita ba. Kuma yana laushi tun ƙasa da digiri 200 ko kusa da haka, ga shi yana mayar da haske baya da yawa a bakinsa saboda yadda yake tanƙwara haske sosai, 2.4 zuwa 2.8 inda silika ke 1.45.

Amma laushin nan a wani wajen alheri ne. Tunda ba ya buƙatar wuta mai yawa, ana iya matsa shi a mazubi ya fito lensi kai tsaye, a yi dubbai, maimakon a zauna ana sassaƙa lensin jamaniyam, wanda aka saba sa wa kyamarar zafi, ɗaya bayan ɗaya da bakin lu'ulu'u. Wannan na cikin abun da ya sauko da kuɗin kyamarar zafi har ta shiga motoci da wayoyi da hannun masu gyaran lantarki. Da Chaina ta sa takunkumi kan fitar da jamaniyam a watan Agusta 2023, sai masu lensin kalkojinayid marar jamaniyam suka ga kasuwa ta buɗe musu. Haka kuma ana iya shafa shi siriri a kan silikon ko ma roba ba tare da an ƙona abun da ke ƙasa ba, a zana 'yan hanyoyin haske a kai, na'urar auna iska gaba ɗaya ta dawo kan abun da bai fi farce ba. Sannan yana da wata baiwa, in ka harba masa leza mai ƙarfi sai ya baza ta zuwa zango-zango masu yawa, ya fi silika wannan halin sau ɗaruruwa. A 2014 masu bincike na Danmak da na jami'ar Nottingham suka fitar da haske daga 1.4 har 13.3 daga guntun zare ɗaya. Wata dabarar kuma a bar zaren tsirara a ɗiga masa ruwan jini, hasken da ke bi ta ciki yana ɗan leƙowa waje ya taɓa abun da ke jikinsa, daga abun da ya ɓace a gane me ke ciki. Af, in ka taɓa riƙe faifan DVD da ake gogewa a sake ɗauka, to ka riƙe ɗan gidansu, haɗi mai antimoni da teluriyam ne a shafe a ciki.

Ta ɓangarenmu inda na ga abun zai yi rana shi ne metan. Ƙasar da ke da bututun gas da wutar da ake ƙonawa a Neja Delta dare da rana, ga kuma tashoshin gas na mota da ake ta buɗewa yanzu, tana buƙatar abun da zai ga yoyo tun kafin hanci ya ji, kuma 3.3 ɗin nan sai da irin waɗannan gilasan ko makamantansu.

Na ce ko makamantansu saboda akwai waɗanda suka ce to me ma zai sa haske ya bi ta cikin gilashi? A huda tsakiyar zaren ya bi iska. Yoel Fink na jami'ar MIT ta Amurka ya yi haka a farkon shekarun 2000, bututu mai bango hawa-hawa na kalkojinayid da roba, wanda likitoci ke kai lezar maikiron 10.6 da shi cikin maƙogwaro da kunne. Su kuma 'yan jami'ar Bath da Southampton da silikan da muka raina suka yi nasu, suka jera siraran bututu a ciki ta yadda hasken kusan ba ya taɓa bango, sai ga silika na kai haske a maikiron 3 da 4, wajen da a da ko kusa ba ya zuwa. Microsoft ta sayi kamfanin Lumenisity na 'yan Southampton a ƙarshen 2022, a 2025 kuma suka sanar da asarar desibel 0.091 a kilomita a zare mai rami, ƙasa da 0.14 ɗin da silika mai cikakken ciki ya daɗe a kai. Wato alkawarin da ZBLAN ya yi shekara 40 da suka wuce, zare mai rami ne ya fara cikawa, a nan ƙasa, kuma a zangon da kowa ke da kayan aikinsa.

In da ni ke da kuɗin zubawa, ba zan sa a zaren teku na fulorayid ba. Zan sa a leza da lensi da ƙananan na'urorin aune-aune, don rami ba a zuba masa erbiyam, ba a matsa shi ya zama lensi, kuma bayan maikiron 5 ko silika mai ramin ma sai ya fara jan ƙafa, daga nan zuwa 12 har yanzu filin seleniyam da teluriyam ne.